Fitilar da Na Kai Damagaram a Cikin Fayif

Tun da na dawo kun hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Wannan ya ce yaya Nijar, wancan ya ce wai da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu, Sadiku ma yawo yake da ni a gari wai neman aure na je aka koro ni. To ku gyara zama, sau ɗaya zan faɗa. Wanda ya tashi amsa waya wani abu ya wuce shi, kada ya zo yana ja min riga.

Kun dai san Yaya Bilki, babbar yayata, ita ke wankin ciwo a ƙaramin asibitin garinmu. Bara Kawu Isufu, ƙanin mahaifiyarmu da ke gyaran na'urori a wani asibiti a Damagaram, ya kawo mata tsarabar fitila, doguwar kwalba kamar fulorasan. Ya ce haskenta na kashe ƙwayoyin cuta: a wanke ɗaki, kowa ya fita, a kunna ta, a ja ƙofa. Ni aka ba aikin haɗa ta da solar asibitin, tunda ni ne Injiniyan gari, duk da a aji biyu na sakandare ni da boko muka rabu lafiya ba zagi.

Abin da ba wanda ya sani a lokacin shi ne, ranar da zan haɗa ta, Kawu ya riga ya kama hanya, Yaya ta tafi sallah, sai na ɗauki kwalbar na mai da ita makirfo. Ina tsakiyar waƙa, na juya zan gaishe da 'yan kallo, bakinta ya daki ƙofa. Tas. Na share, na binne a bayan katanga, na ce wa Yaya akwai wayar da zan nemo a Kano. Na je na ce wa mai shago ya ba ni doguwar fitila shuɗiya, tsawo kaza. Bawan Allah bai cuce ni ba, abin da na tambaya ya ba ni. Na ɗaura ta can sama, na kunna, ɗakin nan ya koma kamar kana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Tiga ka buɗe ido. Yaya ba ta taɓa ganin ta asalin a kunne ba. Ta tsaya a taga tana cewa masha Allah. Ni ma na ce a raina, shuɗi ai shuɗi ne.

Sai lokacin yankan shinkafar rani ya zo, lauje ya fara cin mutane yadda ya saba. Wanda Yaya ta wanke wa ciwo, kwana uku sai ya dawo ya kumbura. Ƙafar Malam Hudu ta yi ruwa har sai da aka kwashe shi zuwa Kano, wasu ne suka yanke masa shinkafarsa. Mata suka fara cewa hannun Bilki ya lalace. Kwamitin asibiti ya ce nan da sati biyu za su rubuta takarda ƙaramar hukuma a Kura a canza ta. Shekara tara tana ɗakin nan. Ta kira Kawu a waya, ya ce ita irin wannan fitila tana tsufa ba ta daina haske ba, a kawo masa ya auna, abin awon na asibitinsu ne, ba ya fita. Yaya ta dube ni ta ce, “Kai ka ɗaura ta, kai za ka kai ta.”

Na ce to. Wallahi har murna na yi. Na ce wa kaina wa ya sani, ƙila abin awon ya ce tawa ma tana aiki, shi ke nan magana ta mutu.

Na yanko fayif ɗin ban ruwa a gonarmu, na naɗe kwalbar da tsohon zanin Yaya, na zura ta ciki, na toshe baki biyu da buhu. A tasha a Kano yaron mota ya ce a ɗora a sama, ƙarƙashin buhunan albasa.

Na ce, “Oga, wannan ko kai ba zan bari ka numfasa kusa da ita ba.”

“To ka biya mata kujera.”

“Cinyata ce kujerarta.”

Haka na zauna da ita a tsaye tsakanin gwiwoyina. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar Matamaye, ta saro robobi da atamfa. Ta dubi fayif ɗin sama da ƙasa ta ce, “Jikana, bindiga ce ko algaita?”

“Haske ne, Hajiya.”

“Haske a fayif?”

“Mu a Kura komai a fayif muke tura shi.”

Ta ce bakina ya fi ni girma, ta zuba min aya a hannu.

Muna wuce Kazaure kore ya fara janyewa. Ku da kuka saba duk inda kuka juya shinkafa ce ko tumatir, ba za ku gane ba sai kun gani. Rana ta take, kwalta ta fara kawalwalniya, can gaba ruwa kwance fal, in an matsa sai ya ƙara gaba. Ina kallonsa barci ya kwashe ni. Sai ga ni a bakin babban kanal ɗinmu, amma ba ruwa ke gudu a ciki ba, hasken fitilata ne, shuɗi, a hankali, ba ƙara. Na buɗe masa hanya yana shiga fangalin gonakinmu ɗaya bayan ɗaya, albasa na ɗaga kai. Malam Hudu ya naɗe wando yana tafe a ciki, ƙafarsa sumul, yana ce min Injiniya sannu da aiki. Balbelu ma duk sun zama shuɗaye. Ban so na farka ba. Hajiya ce ta zungure ni a Daura, ta ce, “Ɗaga kanka daga kafaɗata, yawunka ya jiƙa min mayafi.”

A Kwangwalam, bakin iyaka, kowa ya sauka da kayansa. Ɓangarenmu suka duba kati suka ce Allah ya kiyaye hanya. Ɗaya ɓangaren kuwa wani jandarma ne dogo, hularsa a karkace, Hausarsa rabi Faransanci. Ya nuna fayif ya ce na buɗe. Na warware zanin a kan tebur, sauran suka taso kallo, ɗaya har da ɗaga ta saitin rana yana leƙawa.

“Mene ne aikinta?”

“Kashe cuta take, ranka ya daɗe.”

“Ka tabbata?”

Ku ji fa, wata nawa ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar sai wannan mutumin da bai san ni ba. Hajiya ce ta cece ni. Ta ce, “Haba, ku sallami yaron nan, likita zai kai ta.” Su can asibiti suke kira likita. Jandarman ya naɗe min ita da kansa, naɗin da ya fi nawa kyau, ya miƙo min da hannu biyu yana cewa dusma, dusma, wato a hankali.

Daga nan sai rairayi da gawo da kuka, raƙuma na tafe da tabarmi kamar ba inda za su. Kafin Kance taya ta fashe, muka zauna a inuwa. Gefen hanya wani dattijo na da ɗan lambun albasa, wallahi bai kai zauren gidanmu ba. Da guga yake janyo ruwa, ya zuba wa wannan layi, ya durƙusa ya tura yatsa cikin ƙasa ya ji inda laima ta kai, sannan ya ƙara rabin guga. Na tuna mu da muke jefa tiyo a kanal mu tafi kallon ƙwallo, mu dawo ruwa ya cinye gonar maƙwabci. Na ce masa a garinmu ruwa da kansa yake zuwa gona. Ya ce Allah ya kai shi ya gani kafin ya mutu, kamar Makka na faɗa masa.

Nan wani ya kunna gawayi a ɗan murhun waya ya dafa shayi. Ku daina kiran abin da muke sha a nan shayi a gabansu, dariya za su yi. Nasu ba madara, ba burodi, kofin kamar murfin jarka, kuma sau uku ake zagayowa. Na farko ɗaci har kunne, na biyu dama-dama, na uku sai ka ji kamar a ƙara. Na kurɓe na farko gaba ɗaya na miƙa kofi na ce a cika. Suka ce ɗan Najeriya kenan, komai sauri.

Da yamma muka shiga Damagaram. Duwatsu manya-manya zaune a tsakanin gidaje, kamar su suka fara zuwa mutane suka raɓa. Achaɓa can kabu-kabu ne sunansa, shi ya kai ni ƙofar gidan Kawu ina riƙe da fayif kamar tuta. Matarsa, Tanti Zara, ta yi min tarba ta girma, wai baƙo daga nesa, sai ta dafa min shinkafa. Ni! Ni da aka yanke wa cibi a tsakiyar shinkafa. Yara na can suna cin tuwon gero da miyar kuka, ƙamshi na kashe ni, ni kuma ina ta santin dole. A tsakar gida aka shimfiɗa min, can kowa waje yake kwana lokacin zafi. Da safe aka kawo burodin da kuke tambaya. Gaskiya ne, ya kai tsawon hannu, kuma in ba ka tsoma shi a shayi ba sai ya yanka maka dasashi.

Kawu Isufu gajere ne, tabarau a rataye da zare, ba ya dariya sai da dalili. Ya kai ni wani ɗaki a asibitinsu, gado ɗaya, tebur ɗaya, fitila irin tamu a kan ƙarfe mai taya. Ya ciro abin awon. Bai fi waya girma ba, da igiya doguwa, a bakinta wani ɗan ido kamar maɓallin riga. Sai waɗansu katuna rawaya, ya ce in haske ya ishe su launinsu juyawa yake. Ya ajiye idon a kan gado, kati ɗaya kusa da shi, ɗaya a ƙarƙashin gadon. Ya zaro igiyar ta ƙasan ƙofa, muka fita, ya rufe, ya kunna daga waje. Muka leƙa ta ɗan gilashin ƙofar.

Hasken nasu fari-fari ne, shuɗinsa kaɗan, kamar sama in gari ya fara wayewa. Na ce a raina, wannan ai tawa ta ninka ta.

Lamba ta fara hawa a fuskar abin awon. Kawu ya ce, “Wannan shuɗin da kake gani ba shi ke aikin ba. Mai aikin ido ba ya ganinsa, gilashin nan ma ba ya barinsa ya fito. Shi ya sa ba a tambayar ido, wannan ake tambaya. Abu biyu ne, ƙarfin hasken da ya iso wurin, da tsawon lokacin da ya yi a kai. In ƙarfi ya ragu, sai a ƙara lokaci.”

Na ce, “Kawu, ai ban ruwa ne.”

Ya sauke tabarau ya dube ni.

“In ruwan kanal ya yi ƙasa sai ka daɗe kafin ka toshe. Kuma fangalin da ke bakin tiyo ya ƙoshi, na can ƙarshe yana nan a bushe. In da tudu a tsakiya, bayansa ko ɗigo.”

Ya ce wala, wato yauwa da Faransanci. Ya ce, “Kai. Ashe akwai kai a ƙarƙashin gashin nan.”

Ya kashe, muka shiga, ya matsar da idon can jikin bango, muka sake fita ya kunna. Lambar ta dinga rarrafe kamar ba ta so. Da lokaci ya cika, katin kan gado ya koma ruwan hoda, na ƙarƙashi kuwa yana nan rawaya, ko gezau. Kawu ya ce inda inuwa take, nan cuta ke shan iska. Ya rubuta komai a littafinsa, ya ce, “To, kawo ta Bilki.”

Na warware zanin. Ya riƙe kwalbar ya juya ta sau ɗaya, ya dube ni. Ya ɗaura ta, ya sa sabon kati, muka fita.

Jama'a, ban taɓa ganin ta yi kyau irin na ranar ba. Bango shuɗi, zanin gado shuɗi, har kofin da ke kan tebur kamar a mafarki. Na manne goshi da gilashi ina kallo, ina jin kamar in na buɗe ƙofa ruwa zai kwararo ya tafi da ni har gida. Sai na saci kallon abin awon. Sifiri. Na ce bari ta yi zafi. Sifiri. Na karanta duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa. Minti goma, sifiri na nan zaune kamar an biya shi.

Kawu ya cire tabarau, ya buɗe ƙofa fitilar na kunne, ya shiga ya zauna a bakin gado. Mutumin da ɗazu ya hana ni ko taɓa hannun ƙofar.

“Zo ka zauna, Nafi'u.”

Na zauna. Hannayenmu duk shuɗaye.

“Ka taɓa zama a ƙarƙashinta?”

“Har hoto mun yi da abokaina.”

“Idonku bai yi komai ba?”

“Lafiya lau.”

“Da wadda na kawo ce, da kun wayi gari kuna kuka kamar an zuba muku yashi a ido. Wannan ta shagon aski ce. Ina tawa?”

Na so na ce ɓera, na so na ce wutar sola ce ta ƙona ta. Ƙarya biyun nan na tanada tun daga Daura, duk suka gudu suka bar ni. Na faɗa masa komai, har waƙar da nake yi. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce shi ba zai ce fitilata kaɗai ce ta kumbura ƙafar mutumin ba, Allah ne masani. Amma Bilki ta gaya masa ranar da mutane suka yi yawa, goge gado take sama-sama ta kunna fitila ta ce sauran aikin nata ne. Ya ce ko ta gaskiyar ba ta maye gurbin sabulu da bilic da dafa almakashi, ita tana bin bayansu ne. Yaya ta jingina da bango, ni kuma na san bangon zane ne, na yi shiru.

Ya danna lambar Yaya a wayarsa ya miƙo min. “Ni ba zan faɗa mata ba.”

Ta ɗauka, ina jin injin casar shinkafa a bayanta. Na faɗa. Abu ɗaya ta tambaya.

“Tun yaushe?”

“Tun ranar farko, Yaya.”

“Nafi'u, a kan gadon nan na naɗe ƙafar Malam Hudu. Na ce masa kada ya damu, ɗakin a tsarkake yake.”

Ta kashe.

Kwana biyu na ƙara a can, Kawu na koya min inda ake ajiye kati, da goge ƙura daga kwalba, da rubuta awannin da ta yi a kunne. Ya sayo sabuwar kwalba da ƙunshin katuna, ya zura a fayif ɗin da hannunsa tare da tsohuwar. Hanyar dawowa ba ni da labarinta, ban yi barci ba, ban tsokani kowa ba.

Washegarin dawowata, bayan la'asar, na tsaya a zauren mai unguwa gaban 'yan kwamiti na faɗi abin da na yi. Wasunku na bakin ƙofa, kun ji irin sunayen da aka kira ni, ba sai na maimaita ba. Na roƙe su muka taka zuwa asibiti, na kunna tsohuwar da kati, na kunna sabuwar da kati, dattawa na layi a taga suna leƙe. Suka karɓi katunan biyu suna juyawa, ɗaya rawaya, ɗaya ruwan hoda. Mai unguwa ya ce a dakata da takardar tukuna, a ga yadda wata ɗaya zai kasance. Amma takarda daban, mutane daban. Kwana tara bencin asibitin nan ba kowa sai masu karɓar maganin zazzaɓi. Kwana taran nan kuma Yaya ko sunana ba ta kira ba. Kullum da safe ina zuwa na wanke ƙasa da gado da bilic, na jera katuna, na kunna, na ja ƙofa. Ta zo ta duba kati ta rubuta a littafi, ta wuce ni kamar kujera.

Ranar ta goma ina durƙushe da buroshi na ji babur ya tsaya. Malam Hudu ne, ɗansa ya goyo shi, da sanda a hannu. An sallamo shi daga Kano an ce ya riƙa zuwa wanki, kuma Kura ba nisa, da can ya so da can ya tafi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki ya ce, “Bilki, an ce yanzu har awo kuke yi. To ga ƙafar, ke kika san ta.”

Yaya ta juya baya ta daɗe tana gyara tiren da ba abin da ya same shi. Sannan ta zaunar da shi, ta fara warware bandejin.

“Nafi'u.”

“Na'am, Yaya.”

“Wanke hannunka har gwiwa ka zo ka riƙe masa. Kuma kada ka kau da kai.”

Yatsu huɗu ne a ƙafar. Na riƙe ta har aka gama.